Yadda ake karanta takardun sojan Yaƙin Bama (Burma) na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu

Tambaya

Salamu alaikum Baba. Daga Daura nake. Bayan rasuwar kakarmu muka buɗe adakarta, muka tarar da ƙaramin littafin sallamar kakanmu daga soja, da wata doguwar takarda mai layi-layi, da lambobin yaƙi uku a ƙulle cikin tsumma. Mun tashi muna jin cewa hafsa ne a Yaƙin Bama. To amma a takardar Pte na gani, sai Aux Gp, sai 82 (WA) Div, sai TOS da SOS suna ta maimaituwa, ga X(ii), ga AWL, ga Reverts to Pte, a ƙarshe kuma Character: Very Good. Sunan ma bai yi daidai da wanda muka sani ba, kuma an rubuta Kano Province. Na yi boko, amma ko layi ɗaya ban gane ba. Anya takardar tasa ce? In tasa ce, laifi ya yi aka rage masa girma?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa tsohuwa da maigidanta, ya kai haske kabarinsu.

Aikin akawu na yi a soja har na ajiye kaki, kuma tsarin rubutun da muka yi aiki da shi gadon Turawa ne. Yawancin gajerun kalmomin nan ba su sauya ba tun zamanin kakanka. Rashin ganewarka ba ƙarancin boko ba ne, Baturen Ingila ma da bai taɓa zama a ofishin bataliya ba haka zai tsaya yana kallonsu. Kwantar da hankalinka tun yanzu, a cikin abin da ka lissafo babu abin da zai sa jika ya sunkuyar da kai.

Fara da sanin dalilin da ya sa aka rubuta takardar. Kullum safiya kowace bataliya sai ta san mutum nawa ke hannunta, nawa za ta ciyar, nawa za ta biya. Kamar littafin harajin dagaci take: ya san mutum nawa ne a gida, wa ya ƙaura, wa ya dawo, amma ba ruwansa da wanda ya fi kowa noma. Duk layin da ka gani, wani abu ne ya taɓa ƙirga ko abinci ko albashi. Ranar da kakanka ya yi ta maza a daji, in dai bai ji rauni ba kuma ba a ba shi lambar yabo ba, akawu ba shi da gurbin rubuta ta.

Doguwar takardar nan, in ka duba samanta, mai yiwuwa ka ga Service and Casualty Form, ko Army Form B103. Kalmar casualty takan tayar wa iyalai hankali, su ɗauka rauni ne ko mutuwa. A bakin akawun soja duk abin da ya sauya matsayin mutum sunansa ke nan: ƙarin girma, canjin wuri, hutu, kwanciya asibiti. Lambobin da ke gefe masu Pt II a gabansu, lambar sanarwar yunit ce da aka kwafo layin daga cikinta. Kun yi sa'a da kuka same ta, domin a ofis ake ajiye irinta. Yawancin gidaje littafin sallama kaɗai gare su, wasu kuma littafin albashi da ake ce wa AB 64.

To, tasa ce? Bar suna tukuna, kama lamba. Sojan Nijeriya na Yaƙin Duniya na Biyu lambarsa takan fara da NA, na Gwalkwas, wato Gana ta yau, da GC. Duba ko lambar da ke littafin ita ce a doguwar takardar. Suna kuwa ya sha wuya a hannun akawuna. Mai rubutun ko Bature ne ko mutumin Kudu, abin da kunnensa ya jiyo shi yake rubutawa: Muhammadu ya koma Momodu ko Mamadu, Ibrahim ya koma Brimah, Audu ya koma Awudu, Katsina kanta a tsofaffin takardu Katsena ce. Sannan al'adar bariki ita ce a kira mutum da garinsu maimakon sunan ubansa, shi ya sa jerin sunayen sojan wancan zamani ya cika da wane Kano, wane Sakkwato, wane Daura. Garin ma ba lallai ne mahaifarsa ba. Wanda ya tafi cin rani aka ɗauke shi a Kano yakan zama Bakano a takarda har ya bar aiki. Akwai waɗanda suka ɓoye sunansu da gangan saboda ba da sanin iyaye suka shiga ba, a lokacin da ake kallon soja a matsayin aikin wanda ya gagari gida. Ku na bakin iyaka kun san wani abu kuma: mutanen ƙasar da Faransa ke mulka, wato Nijar ta yau, na wajen Magarya da Damagaram, sukan tsallako su shiga sojan Ingila su ce su Daurawa ne. Batun Kano Province kuwa, ko babu cin rani akwai dalili, domin Daura ta daɗe a ƙarƙashin Lardin Kano kafin a haɗa ta da Katsina a Lardin Katsina, wanda aka kafa a 1934, kuma bakin mutane ba ya saurin bin canjin taswira.

Shafin siffa shi zai raba gardama. Nemi inda aka rubuta Marks ko Tribal marks, ka karanta wa tsofaffin gida zanen fuska da tabon da aka ambata. Nemi NOK, wato wanda za a sanar in soja ya mutu. Galibi uba ne ko wa ko mata, da ƙauyensu, wani lokaci har da hakiminsu. Nan ba a cika yin ƙarya ba, don kowa yana son haƙƙinsa ya isa gida. Shekarun haihuwa kada ka dogara da su. In ka ga Apparent age, likita ne ya dube shi ya kintata.

Sai maganar hafsa. Pte shi ne farabiti, matakin da kurtu ke hawa in ya gama horo. L/Cpl las kofur ne mai igiya ɗaya, Cpl kofur mai biyu, Sgt saje mai uku, CSM samanjan kamfani, RSM babban samanja na bataliya gaba ɗaya. A zamanin Yaƙin Bama iyakar ɗan Nijeriya ke nan. Masu anini a kafaɗa Turawa ne, har da wasu 'yan ƙasar Folan da Ingila ta aro. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Nijeriya muƙamin hafsa, 'yan Arewa na farko irin su Zakariya Maimalari sai a 1953, Hassan Usman Katsina kuwa a 1956 ma ya shiga soja. Ko Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, samanja ne duk tsawon yaƙin, sai da zai yi ritaya aka ba shi kyaftin na girmamawa. Saboda haka kakanka bai zama hafsa yadda soja ke nufi ba, domin ƙofar a rufe take ga ɗan Nijeriya a lokacin. Mutanen gida kuma ba ƙarya suka yi maka ba. Wanda ya dawo daga hayin teku da kaki da lambobi, aka ji ya taɓa ba wasu oda, a ƙauye hafsa ne ko samanja, duk wanda baki ya fara kamawa.

Reverts to Pte ma ba hukunci ba ne. Duba layukan da suka gabace shi, ina kyautata zaton za ka ga A/L/Cpl ko A/Cpl. Harafin A riƙon ƙwarya yake nufi. A fagen daga kofur yakan faɗi ko zazzaɓi ya kwantar da shi, sai a ɗora wa wani farabiti da aka amince da shi igiyar ya riƙe. In da U a tare, riƙo ne ba ƙarin albashi, in P ne da albashi. W/S na nufin girman ya tabbata har ƙarshen yaƙi. Mai riƙo in ya daɗe a asibiti, ko aka mai da shi wani yunit, ko mai gurbin ya dawo, sai igiyar ta koma, akawu ya rubuta Reverts ko Relinquishes. Wanda aka hukunta kalmarsa daban ce, Reduced to the ranks ko Deprived of lance stripe, kuma laifin yakan biyo a gefe. Gwada ranar Reverts ɗin da ranar X(ii). In suna kusa da juna, ciwo ne ya karɓe igiyar. Kuma ka lura da abin da layin ke shaidawa: a cikin mutane da yawa shi aka zaɓa ya riƙe sauran.

TOS da SOS su ne jigon takardar. TOS, taken on strength, an shigar da shi ƙirgar wani yunit. SOS, struck off strength, an cire shi daga ƙirgarsa, ba shi da alaƙa da kiran neman agaji na jiragen ruwa. Biyu-biyu suke tafiya, a cire shi nan a shigar da shi can, sau da yawa rana ɗaya ko washegari. Ga aikin da nake so ka yi. Samo farar takarda ka raba ta gida uku: kwanan wata, yunit, abin da ya faru. Kwafe kowane layi bi da bi, har wanda ba ka gane ba. Yawancin layuka kwanan wata biyu gare su, na ranar da aka kai rahoto da na ranar da abin ya faru. Na biyun ake bi, wani lokaci da wef a gabansa, ma'ana daga rana kaza. In ka gama za ka ga tafiyar mutumin ta miƙe. Enlisted ko Attested, ranar da ya yi rantsuwa ya dangwala yatsa. Depot ko Trg Centre, wurin horo, kuma Daffo na Zariya yana nan tun 1924. Posted, an tura shi wani yunit ya zama nasu. Att, aronsa aka bayar na ɗan lokaci. Emb, ya hau jirgin ruwa, galibi a Legas. Disemb, ya sauka, galibi a Bombai ta Indiya. SEAC ko ALFSEA sunan babbar hedikwatar yaƙin kudu maso gabashin Asiya ne, ganinsu na nufin ya shiga lissafin wancan fage.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, wato Aux Gp. Cikakken sunan Auxiliary Group, aikinsu kuma dako ne. Na san gidajen da suka ji haka suka ninke takarda suka mayar adaka, wai ashe kaka ɗan dako ne. Abin yana ba ni takaici, domin rashin sanin yadda aka yi yaƙin ne ya jawo.

Ingila ta kai manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma Bama, ta 81 da ta 82. A 1943 aka kafa su daga sojan Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, waɗanda ke ƙarƙashin RWAFF, wato Royal West African Frontier Force mai tambarin bishiyar kwakwa. Yankin da aka tura su, Arakan da kwarin kogin Kaladan, tsaunuka ne da kurmin gora da rafuka, ga damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mota ba ta shiga, wurare da yawa alfadari ma sai ya tsaya. Abin da ya sa sojan Afirka ta Yamma suka ratsa inda wasu suka kasa shi ne suna tafe da mutanen da ke ɗaukar komai a ka: harsashi, abinci, na'urar sadarwa, ƙananan igwa da aka kwance gunduwa-gunduwa, da wanda aka harba a kan gadon ɗaukar majiyyaci. Jirgin sama ya jefo kaya da laima, su ne za su share filin, su tattara, su ɗauka, su bi bataliya. Su ne masu sare hanya da adda. Cikakkun sojoji ne, da lamba da kaki da albashi, dokar soja tana kansu, kuma sojan Japan in ya yi kwanton ɓauna ba ya zaɓen mai bindiga. Da yawansu adda kaɗai ke hannunsu, har a wasu takardu za ka ga UAS, unarmed soldier, sojan da ba a ba bindiga ba. Ni a wurina wanda ya bi ta cikin wuta da akwatin harsashi a ka, ba abin ramawa a hannunsa, ba ya bayan kowa a jarumta. Rundunar kakanka ma ta san da haka. Tambarin 82 da ake ɗinkawa a hannun riga mashi biyu ne a gicciye cikin gammo. Gammon ɗan dako ta zaɓa ta sa a hannun kowa, har janar ɗinta. Na 81 kuwa baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya.

Da yake 82 (WA) Div aka rubuta, wato runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, ga inda ƙafarsa ta taka a dunƙule. Rundunar ta isa Indiya a 1944, ta shiga daga a Arakan a ƙarshen shekarar, ita da ta 81 suka ƙwace Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan, daga hannun Japan a Janairun 1945, sannan aka ci gaba da gwabzawa kudu ta wajen Dalet da Tamandu da An da Letmauk. In sunayen sun yi maka kama da waɗanda ka taɓa ji, barikokinmu ne suka gaje su: Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Tamandu da An a Legas. Bataliyoyin Nijeriya a cikinta su ne 1, 2 da 3 NR a birged ta 1, sai 5, 9 da 10 NR a birged ta 4, NR ɗin kuwa Nigeria Regiment ke nan. Wanda ya ga 4 NR a takardar kakansa, ta 81 ce, Kaladan ya je. Wanda ya ga 6, 7 ko 12 NR, kakansa yana cikin birged ta 3 da aka ba Janar Wingate, 'yan Chindit da aka sauke da jirage a bayan sojan Japan a 1944, waɗanda barikin Chindit na Zariya ke tunawa da su. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, da kansa ya je har Bama ya gano sojojinmu.

Ga masu wasu haruffan: WAASC direbobi ne da masu kula da abinci, WAAMC ma'aikatan asibiti, WAE masu gada da hanya, WAA 'yan igwa. Pnr 'yan aikin ƙarfi ne, waɗanda da yawansu Gabas ta Tsakiya aka kai, MEF a takarda.

X(ii) jerin marasa lafiya ne. Soja in ya bar yunit ɗinsa bai shiga wani ba, dole a ajiye shi a wani lissafi, shi ne X List. X(ii) na wanda aka kwashe zuwa asibiti ne saboda ciwo ko rauni. X(iv) na wanda ke sansanin jira ne, ko ya warke ko sabon zuwa, ana neman inda za a tura shi. Kusa da su nemi Adm, an kwantar, da Disch, an sallama daga asibiti, kada ka rikita wannan da sallama daga aiki. Fd Amb ƙaramin asibiti ne mai bin sojoji kusa da daga, CCS na bayansa, Gen Hosp babban asibiti can nesa. Iya nisan da aka kai mutum, iya tsananin abin da ya same shi. GSW raunin harbi ne, akawuna kan sa shi har ga raunin ɓaraguzan bam. Amma kada ka yi mamaki in ba ka ga rauni ba, don a Bama ciwo ya kwantar da mutane fiye da harsashi nesa ba kusa ba. Malaria MT da BT iri biyu ne na zazzaɓin cizon sauro, MT ɗin shi ne mai kisa. Dysentery atuni ne. Typhus zazzaɓi ne da wani ɗan ƙwaro na cikin ciyawa ke sawa. PUO zazzaɓin da ba a gano sanadinsa ba, NYD likita bai tantance ba tukuna. Haruffan A, B, C matakin lafiya ne. A1 shi ne mai lafiyar zuwa ko'ina, in ya sauka B ko C sai a ba shi aiki a baya.

AWL kam laifi ne, amma a san girmansa. Absent without leave, ba ya nan kuma ba da izini ba. Wanda ya shiga gari ya makara 'yan awoyi AWL ne. Wanda aka ba hutu ya zo gida ya ƙara kwana uku saboda rasuwa ko rashin mota shi ma AWL ne, ka kuwa san a lokacin jirgin ƙasa ba ya zuwa Daura, daga Kano sauran tafiyar ta ƙafa ce ko motar da Allah ya kawo. Duba inda abin ya faru, da tsawonsa, da hukuncin. CB tsarewa ce a cikin bariki ta 'yan kwanaki, ana ƙarin fareti da aikin wahala. Forfeits da adadin kwanaki, an yanke albashin kwanakin ke nan. FP horo ne na fagen daga, Detn kuwa kulle ne na sosai. Sec 40 sashe ne na dokar sojan Ingila ta wancan lokaci da ke hukunta duk abin da ya saɓa wa tsari da ladabi, faɗinsa ya isa ya haɗiye komai, daga dattin kaki har ɗaga wa saje murya. Gudu daga soja kalmarsa Deserter, kuma mai ita ba ya fita da shaidar da kakanka ya fita da ita. A takardun da suka girmi wannan wani zai ga lashes ko strokes da adadi. Bulala ce. Sojan Ingila sun daina yi wa nasu ita tun 1881, aka ci gaba da yi wa baƙar fata shekaru masu yawa bayan haka. Kunyar wannan layi tana kan masu dukan.

Shaidar da nake nufi ita ce Character: Very Good. Matakan daga sama su ne Exemplary, Very Good, Good, Fair, Indifferent. Kwamanda sai ya duba takardar laifin soja kaf kafin ya rubuta, wato ya ga AWL ɗin nan da idonsa ya kuma ba shi mataki na biyu. Wannan kalma ita ce jarin tsohon soja. Da ita ake samun aikin ɗan doka ko gandiroba ko masinja a En'e, ko gadi a kamfani, shi ya sa suke adana littafin kamar ransu. Kusa da ita akwai dalilin sallama. Demobilisation ko Release, yaƙi ya ƙare an sallami jama'a, ga yawancin 'yan Bama a 1946. Medically unfit, lafiya ta gaza. Time expired, wa'adin da ya sa hannu a kai ya cika. Services no longer required shi ne wanda sai an haɗa shi da Character kafin a yanke masa ma'ana.

In ka ga lissafin kuɗi, £ fam ne, s sule, d kwabo. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, 3/6 kuma sule uku da sisi. War gratuity kuɗin sallama ne da ake lissafawa da watannin aiki. Wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945 da 'yan jarida suka fito da ita a 2019 ta nuna farabiti Bature yana samun sule 10 kan kowane wata, farabiti baƙar fata na Afirka sule uku da sisi. In tsofaffi sun ce maka ya dawo yana cewa an ci guminsu, da hujjarsa.

Lambobin uku, ina zaton biyu taurari ne masu tsini shida, ɗaya kuma zagayayya fara mai kan Sarki Joji na Shida. In haka ne, 1939-45 Star ce da Burma Star da War Medal, sunan taurarin yana rubuce a fuskarsu. Ƙyallen Burma Star ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Waɗannan shaidar halarta ce, duk wanda ya cika sharaɗin fagen yana da su, kuma ba a buga musu suna. Wanda ya ga Africa Star a gidansu, da alama kakansa ya yi yaƙin Somaliya da Habasha da Italiya a 1941, inda birged ɗin Nijeriya ta ja daga Mogadishu har Harar, ko kuma ya yi aiki a Masar. In ka ga lamba mai suna da lambar soja a bakinta ko bayanta, tsaya ka duba sosai: ko ta Yaƙin Duniya na Ɗaya ce, wato yaƙin Kamaru da Afirka ta Gabas, ko ta daɗewa a aiki, ko ta jarumta irin MM da DCM. Ɗan ganyen ƙarfe a kan ƙyallen War Medal kuma MiD ne, an ambaci sunansa a rahoton kwamanda.

In kana son abin da takardar ba ta faɗa ba, lamba da yunit da kwanan wata su ne guzurinka. Kowane yunit yana da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum, War Diary, kuma suna ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan: WO 172 na fagen Bama, WO 173 na Afirka ta Yamma, WO 373 kuma bayanin dalilin ba da lambar jarumta, wanda ake iya nema da suna a intanet. Da wuya littafin ya ambaci farabiti baƙar fata da sunansa, amma zai gaya maka a bakin wane rafi yunit ɗinsa ya kwana ranar da aka kwashe shi asibiti. Fayilolin ɗaiɗaikun sojan Afirka ba Ingila aka kwashe su ba, nan aka bar su, don haka ofishin adana bayanan soja da ke Lakwaja shi ake rubuta wa, kuma ofishin 'yan mazan jiya, Nigerian Legion, na Katsina zai iya nuna maka hanyar bi. A ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Katsina masu alamar KATPROF, inda wasiƙun Razdan da En'e suke, nan ya dace a nemi batun ɗaukar soja da na waɗanda suka dawo.

Gidajen da nasu bai dawo ba, KIA an kashe shi a daga, DOW rauni ya yi ajalinsa, Died kawai galibi ciwo ne ko hatsari. Su nemi shafin hukumar kaburburan yaƙi ta CWGC, kyauta ne, su sa lambar soja maimakon suna. Wasu suna kwance a Chittagong da Maynamati a Bangaladash, wasu a Taukkyan kusa da Rangun, inda bangon tunawa ke ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Na yaƙin farko kuwa ba lallai a samu ba, don hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa dubban 'yan Afirka ba a rubuta sunayensu ba yadda aka rubuta na Turawa.

Wani abu kuma: in ka ci karo da wata lambar mai farawa da 63NA a cikin kayansa, ba ta wani ba ce. Da Yaƙin Basasa ya tashi a 1967 an kira tsofaffin soja da yawa sun sake sa kaki, mutum ɗaya ya zama da lamba biyu da takarda biyu.

Takardun kada ka kai su a liƙe da leda a injin zafi, yana cinye tawada kuma ba a iya warware shi. Kada a manna salatif a inda ya yage, kada a goge lambobin da toka ko man goge ƙarfe. Ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya da hasken rana, ka sa su a farar ambulan cikin akwati, nesa da danshi da gara. Ka zauna da gwaggonninka da duk tsohon da ya san shi tun suna da ƙarfin tunawa, ka tambaye su sunan da abokansa na soja ke kiransa da shi da garuruwan da yakan ambata. Sannan ka turo mini lambar da ke gaban Aux Gp ɗin, da ranar X(ii) ta farko, da abin da aka rubuta a layin da ke bin ta, mu ga wace birged suka yi wa dako da inda suke a wannan makon.